'Yan Aikin da Gwaggo Ta Bari a Bayan Gida

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta gidan ya cika. Layinmu na Nassarawa GRA, inda da rana tsaka ba ka jin komai sai rediyon masu gadi, ranar motoci har bakin babban titi. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙofar falo ina amsa "ya haƙuri" har muryata ta dishe, kuma kowa ya shigo da irin Gwaggon da ya sani. Tsofaffin abokan aikinta na ɗakin gwaje-gwaje suna cewa Dokta ta tafi, an yi rashin ma'aikaciya. 'Yan uwa daga ƙauye suna cewa an yi rashin mai zumunci. Wasu kanikawa suka zo daga Tudun Wada da kayan aiki a jikinsu, suka ƙi taka kafet, suka yi addu'a daga bakin ƙofa. Babbansu ya ce, "Hajiya ta sha zuwa garejinmu ta yi mana faɗa a kan zuba baƙin mai a kwata, amma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Allah ya ji ƙanta."

Wadda ta fi kowa kuka ba jininmu ba ce. Maman 'yan biyu ce, malamar makaranta, Kirista daga wajen Zariya, da ke haya a ɗakunan baya na gidan da muka haɗa katanga da shi. Ta durƙusa a gabana ta riƙe hannuna tana cewa, "Yanzu wa zai ƙara leƙo katanga ya ce in kawo masa ruwan rijiyarmu ya sansana?" Hajiyoyin da ke kan kujeru suka kalli juna. Ɗaya daga cikinsu, mai zoben gwal a kowane yatsa, ta sunkuya wajen ta kusa da ita, a zatonta ba na ji, ta ce, "Wai da gaske ne wasiyyarta a kan taki ta yi?"

Wallahi da ba gawa aka fitar daga gidan ba da na ba ta amsar da za ta tafi da ita gida. Ni ba a san ni da haɗiye magana ba, Gwaggo ma Sarkin Tsiwa take kirana. Na haɗiye dai, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Eh, da gaske ne. Gwaggo ta cika da kalmar shahada, a kunnena, amma kafin ita abin da ta ce mini shi ne, "'Yar nan, kada a bar su da yunwa." Ina so wanda ya ji wannan magana ya san su wa take nufi, kada a mayar mini da ita tsohuwar da ta rikice a gadon asibiti.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni da uwata ta rasu ina ƙarama, ta haɗa ni da 'ya'yanta, ba ta taɓa bari na ji bambanci ba sai a wajen faɗa, inda nake samun kaso mafi tsoka. Mijinta, da muke kira Baba Alhaji, mai manyan motoci ne da ke dakon kaya zuwa kudu. Mutum ne mai fara'a da kyauta, amma bai yarda da gareji ba, gida yake kiran kanikawa su yi wa motocinsa juyen mai. A filin bayan gida ake kwance su, baƙin mai ya kwarara a ƙasa, ga kuma tankin janareta da ya yi shekaru yana ɗiga a gefe. Mun taso mun tarar da wurin baƙi ƙirin, yana ƙyalli. Ko ciyawa ba ta fitowa. In an yi ruwa sai ya kwanta a kai da launi-launi, kaji ma kewayewa suke yi. Gwaggo takan yi magana, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Dokta, ƙasa ce fa, za ta shanye." Ta shanye ɗin kuwa.

Bayan rasuwarsa da ritayarta, wata rana Maman 'yan biyu ta aiko da ruwa a kofi, ta ce a tambayi Dokta ko ita ce hancinta ke mata gizo. Su a can gidan famfo ba ya kawo ruwa, da rijiya suke sha, kuma rijiyar tana gangaren katangarmu. Gwaggo ta sansana ruwan. Ta ce warin baƙin mai ne, bai yi ƙarfi ba tukuna, amma yana hanya. Daga ranar ta ja musu tiyo daga tankinmu na sama don sha da girki, washegari kuma ta sa aka sayo mata fartanya da shebur da takalmin ruwa.

Ni da farko na ɗauka kwashe ƙasar za a yi a zubar. Ta ce, "A zubar a bayan gidan wa?" Ta ce akwai waɗanda za su cinye man a inda yake, kuma suna nan a cikin ƙasar tun tuni, ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin waɗanda ta yi rayuwarta tana leƙawa a madubin ɗakin gwaje-gwaje. Na ce, "Au, ƙwayoyin cuta?" Ta harare ni ta saman tabarau ta ce ba duka ne ke sa cuta ba, waɗannan 'yan aikinta ne, kuma sun fi ni jin magana.

Na ce to in suna nan tun tuni, me ya hana su cinyewa duk shekarun nan? Sai ta ajiye fartanya, don Gwaggo in za ta koyar da kai sai ta saki abin da ke hannunta. Ta ce, "Baƙin man nan a wurinsu gayan tuwo ne. Ga shi tuli, amma ba miya. Ke za ki iya cin gaya kullum ki yi aiki?" Ta ce miyarsu tana cikin kashin kaji da irin takin da ake sa wa masara, kuma suna son iska da ɗan danshi. In suka rasa wannan, sai su ƙanƙance, su daina ƙera abin da suke yanka man da shi, su kwanta kamar matattu. Wasu su mutu da gaske. Dafin kuma ya zauna daram, yana bin ruwan sama zuwa ƙasa a hankali. Ta ce wanda bai sani ba sai ya ce ƙasar ta mutu, alhali yunwa ce.

Tun daga nan motarta ta shiga uku. Takan je wata gonar kaji a Hotoro ta cika but ɗin motar da buhunan kashin kaji da buntun shinkafa, ta tuƙo abinta ta ratsa GRA gilashi a sauke. Wata rana za mu biki na ce ni dai a daidaita sahu zan bi, ba zan shiga taro ina warin akurki ba. Ta ce, "Bi mana. Ni da 'yan aikina ba ma gayyar mai tsiwa." Na hau daidaita sahun, na riga ta isa, kuma da ta shigo ba wanda ya toshe hanci, sai rububin gaishe ta ake yi.

Na taɓa ce mata, maimakon wannan wahala ta Hotoro, me zai hana a riƙa zuba musu ragowar shinkafa da tuwon da ke kwana a kicin? Ta ce, "Ke in aka ajiye miki shinkafa da kaza, ga gayan tuwo a gefe, wanne za ki ci?" Ta ce in ka ba su abinci mai sauƙi, shi za su bi su bar man, wasu halittun ma da ba ruwansu da mai su taru su cinye iskar wurin. In kuma ka cika musu ruwa, sun shaƙe ke nan. Miya kaɗan ake ba su, yadda dole su koma kan tuwon.

Bayan la'asar ne lokacinta. Ta ɗaura tsohon zani, ta zura takalmin ruwa, ta bi filin kunya-kunya tana juya ƙasa. In ta gaji ta zauna a wata farar kujerar roba a gindin katanga, ta ɗebi ƙasa a tafin hannu ta kai hanci, ta lumshe ido. Daga nan za ka ji hukunci. "Sun ci." Ko kuma, "Yau sun yi fushi, ƙishi suke ji." Ni in na sansana wari ɗaya nake ji, na gareji. Ita kuwa tana rarrabe warin man da ke nan da ƙarfinsa da wanda aka fara ci. A shekara ta biyu wani gefen ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, ta watsa wake don gwaji, ya tsiro. Na yi murna na ce mun samu na alala. Ta ce ko akuya ba za ta ci ba, akwai guba irin ta ƙarfe da 'yan aikinta ba sa iya ci, waken shaida kawai ya zo bayarwa. Gwaggo ba ta ƙara wa aikinta gishiri, ko don ta faranta maka.

Akwai wani maigadi da muka yi, dattijo daga Jigawa. Ya zo da kuzari, bayan 'yan watanni sai ya koma gyangyaɗi, da rana ma sai an yi ta hon kafin ya buɗe ƙofa. Yaya, babban ɗan Gwaggo da ke aiki a Abuja, ya zo hutu ya tarar da shi yana barci a kan benci, ya ce a sallame shi. Ni ma na goyi baya, har da ƙarin cewa malalaci ne. Gwaggo ta ce a ba ta mako guda. Ba ta kira shi ta yi masa tambayoyi ba, ta san dattijo ba zai faɗa ba. Ta dai sa ido, ta gano cewa kwanon da ake kai masa da rana juye shi yake yi a leda, wani ɗan garinsu ya kai wa 'yarsa da ke jinyar miji a asibiti, shi kuma ya wuni a kan goro da ruwa. Sai ta sa aka riƙa zuba kwano biyu. Ta kai masa da kanta ta ce, "Malam, wannan na asibiti ne, wannan kuma a gabana za ka ci, don mai girkin nan ina zarginta da rowar gishiri, ina son shaida." Ya ci yana sunkuyar da kai. Bai ƙara barci a bakin aiki ba, kuma ranar jana'izarta shi ya hana kowa ɗaukar ƙafar makara ta dama har aka fita layin.

Rigimarta da Yaya kuwa a kan filin ne, kuma ita ce rigimar da ta fi ci mata rai. Yaya yana so a daɓe wurin da siminti a shimfiɗa tubalan intalok, a samu wurin ajiye motoci, a huta da wari da ƙudaje. Ya ce maƙwabta sun fara yi masa waya. Gwaggo ta ce in aka rufe wurin an toshe wa 'yan aikinta iska, man kuma ba zai fasa gangarawa rijiyar mutane ba, sai dai a daina ganinsa. Suna tsaye a bakin filin, ina daga tagar kicin ina jin su. Murya ta fara tashi. Can sai Yaya ya faɗi abin da ke cikinsa tun farko.

"Hajiya, man nan da kike tonawa shi ya biya mana makaranta. Kullum kina bayan gida kina nuna wa unguwa cewa mahaifina ya ɓata ƙasa. Mutumin nan ya rasu, a rufa masa asiri mana."

Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo ta yi haka ba. Shi kuma bai jira ba, ya ce ya ba wa filin zuwa ƙarshen damina mai zuwa, in bai gyaru ba zai turo magina, ya shiga mota ya tafi. Ta zauna a farar kujerarta har aka kira magariba. Da na kai mata buta sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Yana ganin tona wa ubansa asiri nake yi. Ni kuwa tsoro nake ji a tsayar da bawan Allah nan a tambaye shi ruwan maƙwabta. Bai sani ba ya yi. Ni na sani, kuma ina gidan. Kayansa nake rage masa, 'yar nan." Na ce to ta faɗa wa Yaya haka mana. Ta ce ɗa ba ya son jin cewa ubansa na da kaya, ko daga bakin uwarsa ne. Ba su ƙara tayar da maganar ba, suna gaisawa a waya lafiya lau, amma kowa ya san tana nan.

Ciwon ya fara mata da rani. Ciki ne. Matar da ta ciyar da gida da maƙwabta da abin da ido ba ya gani, sai ga shi cokali ɗaya na kunu ya gagare ta. Muka tare a asibiti, ni da ƙanwarta da muke kira Gwaggo Ƙarama, wadda ta taso daga ƙauye ta zo jinya. Gwaggo Ƙarama ba ta yi boko ba, kuma a duniya ba abin da ta yarda da shi kamar abinci. Ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesu, ta yi fate, ta tsaya da cokali tana lallashin yayar tata, "Yaya, ko don ni, ki karɓi wannan." Gwaggo ta karɓa don kunya, ya dawo. Kullum haka, Gwaggo Ƙarama ta fita baranda da kwanonta a cike tana share ido da bakin mayafi.

Filin kuwa ba mai bi ta kansa, duk muna asibiti. Wata rana da ta ɗan samu sauƙi ta ce in ɗebo mata ƙasar a gwangwanin madara, daga gefen katanga, in tona kamar tsawon hannu. Na kawo a ɓoye cikin jaka kada ma'aikatan jinya su gani. Ta sa na ɗaga mata kai, ta sansana. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta. Duk allurai da ciwon da ta sha ban ga ta yi kuka ba sai ranar.

"Sun kwanta," ta ce. "Man ya dawo da ƙarfinsa."

Na ce, "Sun mutu ke nan, Gwaggo?"

"Ba duka ba. Masu taurin rai suna nan. Amma in aka daɗe, ko an ba su ba za su tashi da wuri ba, kuma damina ba ta jira."

Bayan kwana kaɗan ta yi mana wasiyyar nan, ni da Gwaggo Ƙarama muna gefen gado, ta cika da hantsi.

Abin da ya faru a kwanakin zaman makoki shi ne har yanzu in na tuna nake rasa inda zan sa raina. Gida ya cika da baƙi, ana ɗora manyan tukwane a gefen kicin, maƙwabta kuma suna ta aiko da abinci kula-kula. Ni ina falo wajen karɓar gaisuwa, ban leƙa bayan gida ba. Ashe Gwaggo Ƙarama ta tara matan da ke girki ta ce musu marigayiya ta bar wasiyya, kada a bar na bayan gida da yunwa, don haka ko ƙwayar shinkafa kada a zubar a bola. Duk ragowar tuwo da shinkafa da miya da kunu, har da ruwan wanke tukwane, a filin ake juyewa. Da bismilla take zubawa, da hannunta, safe da yamma, tana cewa Allah ya kai ladan kabarin yayarta.

Ranar sadakar bakwai wari ya kai ni. Na zagaya na tarar da filin ya zama kwata. Ruwa ya kwanta, abinci ya ruɓe ya yi tsami, ƙudaje sun yi baƙi a kai, kunyoyin da Gwaggo ta ja da hannunta duk sun narke. Ga Gwaggo Ƙarama tsaye da roba cike da shinkafa za ta ƙara. Kaina ya yi zafi. Na manta da furfurarta, na manta da baƙi, na ɗaga murya na ce wa ya sa ta, ta kashe su, ta shaƙe su, aikin shekaru ta rushe shi a mako guda, ba irin wannan abincin ake nufi ba.

Ba ta rama ba. Ta ajiye robar a hankali, ta zauna a ƙasa a wurin, cikin jiƙaƙƙen zani. Ta ce, "'Yar nan, wata nawa ina bin yayata da cokali ba ta ci ba. Da yunwa ta tafi, ina kallo. Ta ce kada a bar waɗannan da yunwa, na ce to su dai za su ci daga hannuna. Ni abincin da na sani ke nan."

Na durƙusa kusa da ita na ba ta haƙuri, muka yi kukan da ban samu yi a falo ba.

A haka Yaya ya same mu. Ya tsaya ya kalli wurin, ya toshe hanci da hankici, ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, ba sai an jira ƙarshen damina ba. Kafin ya koma Abuja tifa ta sauke yashi, aka jera intalok a jikin katanga. Da safen da zai tafi na bi shi har mota. Yaya ba a yi masa musu, amma na ce a raina in na bar maganar nan a cikina ita ma ruɓewa za ta yi. Na faɗa masa abin da Gwaggo ta ce ranar da suka yi rigima, kalma da kalma, har da kayan da take rage wa Baba Alhaji. Na ce masa ruwan da Maman 'yan biyu ke yi wa yaranta wanka da shi daga gindin katangar nan yake fitowa. Ya riƙe murfin mota. Ya ce, "Ita ta faɗa miki haka?" Na ce eh. Ya ce, "Me ya sa ba ta faɗa mini ba?" Bai jira amsa ba, ya shiga direba ya ja.

Ni da Gwaggo Ƙarama da maigadi muka kwashe ruɓaɓɓen abincin a baro, muka yanka wa ruwan hanya ya tsane. Maman 'yan biyu tana tasowa daga makaranta ta zagayo da nata shebur. Kullum ina sauraron ƙarar motar magina, ba su zo ba, Yaya kuma in mun yi waya ba ya tayar da zancen. Bayan arba'in da 'yan kwanaki wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Na fito a shirye da faɗa, na ɗauka siminti ne. Buhunan kashin kaji ne da buntun shinkafa. Direban ya ce daga Hotoro aka aiko shi, wani Alhaji ne ya yi waya daga Abuja, bai bar wani saƙo ba. Intalok ɗin dai yana nan a jere, ba a zo an kwashe ba, kuma ban san me hakan ke nufi ba.

Muka barbaɗa takin kaɗan-kaɗan yadda na ga tana yi, muka gauraya da buntu, muka juya. Gwaggo Ƙarama ce ke riƙe da kwanon awo yanzu, kuma in na ce ya isa, sai ta ɗan ƙara rabin tafi a ɓoye, ina gani ina kau da kai. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na tona gefen katanga kamar tsawon hannu, na ɗebo ƙasa na kai hanci na lumshe ido. Warin gareji yana nan. A ƙarƙashinsa kamar akwai wani abu, irin ƙamshin ƙasa in an yi yayyafin farko, amma ban sani ba ko yana nan da gaske ko ni ce nake so ya kasance.

Gwaggo Ƙarama ta matso tana kallon fuskata. Ta ce, "Sun ci?"

Kafin in san abin da nake yi na juya da ƙasar a tafina wajen farar kujerar, zan miƙa. Ruwan sama ya taru a kanta, ganyen darbejiya yana yawo a ciki. Na tsaya da hannu a miƙe.

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Gobe ma mu ba su."

Ya Allah, baiwarka ta tafi da yunwa, ka ƙosar da ita daga abincin Aljanna. Ka sauke mata nauyinta, ka sauke wa mijinta nasa, ka tsare ruwan maƙwabtanmu. Mu da ta bari da fartanya, ka ba mu ikon ci gaba har su farka.